Tsibirin Manji da Farautar Kifin Wel a Gabon

Yau za mu bar tudu mu gangara bakin teku, ƙasar Gabon, inda 'yan uwanmu da yawa ke zuwa neman kuɗi.

A can akwai wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin Tekun Atilantika, ana ce masa Kap Lopez. Yana ƙarshen tsibirin Manji, inda Kogin Ogowe ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Yashi ne da fadama, ruwa ta kowane ɓangare. Sunan ya samo asali daga wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal, Lopo Gonsalbes, da ya iso wurin wajen 1473. Garin da ke kusa kuwa, Port-Gentil, sunan Emile Gentil ya ci, ɗaya daga cikin Faransawan da suka yaƙi Rabeh a Kusuri a 1900.

To me ya kai Turawa can? Da farko bayi, daga hannun sarakunan Orungu. Daga baya kifin wel. Kar ku ɗauka irin giwan ruwan Argungu ne fa. Wannan dabba ce mai shayar da ɗanta nono, tsawonta ya kan kai mita 15. Duk shekara daga Yuli zuwa Oktoba suna barin ruwan ƙanƙara na kudancin duniya, su zo wannan ruwa mai ɗumi su haihu. Wato a ɗakin haihuwa ake tare su.

'Yan Norway suka fara farauta da jiragen ruwa a 1912. A narka kitsen, a tura man Turai a yi sabulu da man shafa wa burodi. Sai a yi 'yan shekaru ana kashewa, dabbar ta yi ƙaranci, a tashi, ta ɗan farfaɗo, a dawo. Haka aka yi a 1949, lokacin da Turai ke fama da ƙarancin mai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shekara uku a jere ana kashe sama da 1,000, ta huɗu abin ya rushe. Ni dai ban ga dabara a nan ba, haɗama ce tsagwaronta.

A 1963 aka hana farautar wannan nau'in a kudancin duniya. Kafin nan ma an riga an gano man fetur a yankin tun 1956, kuma yau tankokin ɗanyen mai ne ke lodi a Kap Lopez, kifayen na wucewa ta gefensu da damina tamu.