Tarihin Tiyatar Karayar Kwatangwalo a Jikin Tsofaffi

Abin da jama'a ke kira karayar kwatangwalo, a wurin likitoci karayar saman ƙashin cinya ce, wato daidai inda dogon ƙashin ya lanƙwasa ya yi ɗan siririn wuya, sannan ya ƙare da kai mulmulalle wanda ke zaune cikin gurbinsa a ƙashin ƙugu. Matashi ba ya karyewa a wannan wuri sai da mummunan hatsari, amma tsoho, musamman macen da ta daɗe da daina haila, wadda ƙashinta ya zaizaye ta ciki kamar iccen da gara ta ci, santsin banɗaki ko tuntuɓe a bakin ƙofa ya isa ya karya shi. Galibi alamarta ba ta ɓuya, domin ƙafar kan gajarce ta kuma juya waje, mai ita kuwa ba ya iya miƙewa. Shekaru aru-aru ana ɗaukar wannan karaya a matsayin mafarin ajali, alhali mafi yawan lokuta doguwar kwanciyar da ke biyo bayanta ce ke kisa, saboda gyambon da ke fitowa a baya, da ciwon huhu, da gudan jinin da ke daskarewa a jijiyar ƙafa ya tafi ya toshe huhu.

Likitan fiɗa na birnin Landan, Astley Cooper, shi ne ya bambance karayar gida biyu a littafin da ya wallafa a 1822, kuma har yau a kan wannan rabo ake zaɓar irin aikin da za a yi. Akwai wata jaka mai tauri da ta lulluɓe gaɓar, kuma jijiyoyin da ke kai jini ga kan ƙashin suna bi ne ta jikin wuyan a cikin wannan jaka, don haka idan karayar ta auku a ciki sai jijiyoyin su tsinke, kan ya rasa jini, ƙashin ya ƙi haɗewa ko ma ya mutu. Wadda ta auku a wajen jakar kuwa, inda ƙashin yake da kauri da wadatar jini, takan haɗe ko da a karkace. Cooper ya yanke ƙauna daga haɗewar karayar ciki, sai ya ba da shawarar a bar tsoho ya ɗan kwanta har zafin ya lafa, sannan a tashe shi a ba shi sanduna, don gara ya rayu yana ɗingishi da ya mutu a gado ana jiran ƙashi. Takwarorinsa da dama sun soke shi, amma tarihi ya nuna cewa ya gane bakin zaren tun kafin a sami kayan aikin da za a bi shi.

A shekarun 1850 likitan Jamus Bernhard von Langenbeck ya gwada ɗaure wuyan ƙashin da ƙarfe, sai dai ciwon ya ruɓe, majinyacin ya rasu. Sai da aka sami maganin sa barci a 1846, da dabarar Joseph Lister ta kashe ƙwayoyin cuta a 1867, da hoton ƙashi wanda Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, sannan buɗe kwatangwalo ya zama abin da mai hankali zai tunkara. Duk da haka, a farkon ƙarni na 20 hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce ta Royal Whitman na birnin New York, wanda kan ja ƙafar ya buɗa ta gefe, ya naɗe mutum da filasta tun daga ƙirji har yatsun ƙafa, a bar shi haka wata uku ko fiye. Wasu ƙasusuwan sun haɗe, amma tsofaffi da yawa ba su kai ranar cire filastar ba.

Sauyi na haƙiƙa ya zo ne daga Marius Smith-Petersen, haifaffen ƙasar Norwe da ke aiki a birnin Boston, wanda ya fara amfani da wata ƙusa mai fiffike uku a 1925, ya kuma bayyana sakamakonta a 1931. Fikafikan suna hana kan ƙashin juyawa, ba su kuma cinye ƙashi mai yawa. A 1932 Sven Johansson na ƙasar Suwidin ya huda tsakiyar ƙusar, ta yadda za a fara zura siririyar waya ana duba hoto, idan ta zauna daidai sai a bi ta da ƙusar ta ƙaramin yanka, ba tare da buɗe gaɓar ba. Wannan dabara ce ake bi har yau wajen ɗaura sukurori masu rami. Sai dai ƙarfe ba ya mayar da jinin da ya yanke, shi ya sa a 1935 likitan Amurka Kellogg Speed ya laƙaba wa karayar wuyan suna wadda aka kasa warwarewa.

Karayar waje tana da tata matsalar. Ƙusar da Eugene Jewett ya haɗa da farantin ƙarfe a 1941 sandararriya ce, don haka idan ruɓaɓɓen ƙashin tsoho ya lotsa, sai bakinta ya huda kan ya shiga cikin gaɓar. Maganin ya fito daga birnin Kiel na Jamus, inda wani maƙerin kayan asibiti, Ernst Pohl, ya yi rajistar sukuru mai zamewa a 1951: sukurun yana cikin wani bututu da ke manne da farantin, idan mutum ya taka ƙasa sai ya ja da baya kaɗan, ɓangarorin ƙashin su matse juna, nauyin jikin da a da yake lalata aikin ya koma mai taimaka masa. A wannan birni dai Gerhard Küntscher ya fara zura doguwar ƙusa cikin ramin ɓargo a 1939, kuma daga haɗa dabarun biyu aka sami ƙusar Gamma a ƙarshen shekarun 1980, wadda ire-irenta suka fi dacewa da karayar da ta farfashe.

Game da kan da jininsa ya yanke kuwa, a ƙarshe likitoci sun haƙura da ceto shi, suka koma ga cire shi. 'Yan'uwa biyu, Jean da Robert Judet, sun saka kan roba a birnin Paris a 1946, amma ya riƙa cinyewa yana karyewa, sai na ƙarfe da Austin Moore da Frederick Thompson suka ƙera a Amurka a farkon shekarun 1950 suka maye gurbinsa, kowanne da doguwar jelar da ake cusawa cikin ƙashin cinya. Wannan shi ake kira sauya rabin gaɓa, tun da gurbin asali yana nan. A 1961 Robert Garden ya kasa karayar wuyan mataki huɗu gwargwadon gocewarta, abin da ya sauƙaƙa hukunci: wadda ba ta goce ba a ɗaure ta da sukurori, wadda ta goce a jikin tsoho a sauya kan. Shekara guda bayan haka John Charnley na asibitin Wrightington a Ingila ya daidaita sauya gaɓar gaba ɗaya, da kan ƙarfe da gurbin roba mai tauri da wani siminti na musamman mai riƙe su. An daɗe ana jayayya a kan wanne ya fi, har wani babban bincike da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa cikin shekara biyu babu wani bambanci mai yawa tsakaninsu wajen komawa ɗakin tiyata, shi ya sa aka fi tanadar cikakken sauyi ga tsohon da ke da ƙarfin fita da ƙafarsa, hankalinsa kuma yana nan.

Wani ɓangare na tarihin da ba a cika ambata ba ya faru ne a garin Hastings na Ingila tun ƙarshen shekarun 1950, inda likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka riƙa zagaya majinyata tare, suna duba zuciya da huhu da abinci kamar yadda suke duba ƙashi, suna kuma tashin tsoho da wuri. Ƙa'idar da Ingila ta fitar a 2011 ta tanadi a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, a kuma tashe shi tsaye kwana guda bayan tiyata. Ko da wannan kulawa, ƙa'idar ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan karaya kan rasu cikin shekara, galibi saboda cututtukan da suke ɗauke da su tun farko.

A ƙasar Hausa, inda asibitin ƙashi na Dala a Kano yake aiki tun 1959, har yanzu wurin mai ɗori ake fara kai tsofaffi da yawa, sau da yawa saboda tsadar ƙarfen da za a saka ko tsoron fiɗa. Ɗori yana da amfaninsa a sauƙaƙan karaya, amma wuyan ƙashin cinya yana can ƙarƙashin tsoka mai kauri inda karan ɗori ba ya kamawa, kuma babu shafe-shafen da zai mayar da jinin da ya yanke. Tsohon da ya faɗi ya kasa miƙewa, ƙafarsa ta juya waje, hoton ƙashi yake buƙata a ranar, domin kowane kwanan da ya ƙara a kwance yana rage masa damar sake takawa.