Asalin Sinadaran Ɗaye Matacciyar Fata

Likitocin fata sun yi amfani da sinadaran ɗaye matacciyar fata tun kafin sinadaran su shiga shagunan kwalliya. A 1882 Bajamushe Paul Gerson Unna ya bayyana yadda asid ɗin salisilik ke ɗaye saman fata. A 1974, a Amurka, Eugene Van Scott da Ruey Yu suka nuna cewa asid ɗin gilaikolik na rake, da laktik mai sa nono tsami, suna tausasa fatar da cuta ta busar har ta yi ɓawo. Kamfanoni suka cika kasuwa da su a shekarun 1990, wasu da garaje. Ƙorafin raɗaɗi da ƙuna ya yawaita, sai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta shawarci kamfanoni a 2005 su riƙa rubuta gargaɗin ƙunar rana a jikin kwalba.