Dala a kasuwa, Faransanci a kan allo

Wani aboki ya tambaye ni da wane harshe nake lissafi a zuci. Na ce Hausa mana. Da na zauna na lura, sai na ga ba haka ba ne. In za ni ninka 7 sau 8, Faransancin lakkol ne ke fitowa, da muryar mushenmu. In kuwa ciniki nake a kasuwar Maraɗi, kaina ba ya ganin 1.750 F, jikka da ɗari da hamsin yake gani.

Wannan rabuwa tana da tarihi. Kakanninmu da wuri suke ciniki, shi ya sa har yau muke cewa kuɗi. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya ratsa Tasawa, ya ga yadda ake ƙirga wuri biyar-biyar. A Kano kuma ya tarar wuri 2.500 ne ake canzawa da dala guda ta azurfa. Dalar da ta fi yawo a lokacin ita ce ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780. Da Faransawa suka zo da kuɗinsu, sunan dala ya koma kan tamma biyar. An kafa sefa a 1945, sunan bai gusa ba. Shi ya sa ɗari a bakinmu 500 F ce, jikka kuwa dala ɗari biyu.

Ƙirgar kanta ta sha aro. Gomiya biyu da gomiya uku sun ba ashirin da talatin wuri, kalmomin Larabci da malamai da fatake suka kawo. Lakkol ta zo daga baya da nata.

Ke nan kai yana lissafi ne da harshen da ya fara koyon wannan aiki da shi. Ga inda abin ke damuna: yarinyar da ke tallar ƙosai tana mayar da canji ba kuskure, amma a aji sai a ce ba ta iya lissafi ba, alhali harshen ne ya tare ta. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, amma har yau yawancin ƴaƴanmu da Faransanci suke fara haɗa 2 da 3. Ya kamata malami ya fara da dalar da ke kan yaro kafin ya kai shi ga allo.