Zaure a gaba, rumbu a baya



Satin da ya wuce na bi ta unguwarmu, na iske an rushe zauren wani gida da na sani tun ina zuwa lakwal, an kafa ƙofar ƙarfe mai faɗin shigar mota. Ban ga laifin mai gida ba, mota ba ta kwana waje. Amma a wannan zaure anka ɗaura auren babata, shi ya sa na ce yau sai mun taɓa tarihin ƙofar gida a ƙasarmu.

A watan Janairu 1851 wani Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanenmu sunka sani da Abdul Karim, ya sauka Tasawa. Abin da ya rubuta game da gidajen garin, wallahi kamar jiya: darnin kara mai tsawo, rumfa mai sanyi kusa da ƙofa inda ake tarbon baƙi ana ciniki, sa'annan ɗakuna, wasu na kara zalla, wasu ƙasansu laka samansu jinka. Kun ga ke nan ƙofar gidanmu ta fari ba soro ba ce. Mu mutanen jigawa ne, laka sai an je tabki ko fadama. Abin da Gulbin Kaba ya ba mu shi ne goriba da kaba, da su munka yi igiya da tabarma da itacen rufi.

Ginin ƙasa mai tsawo na masu iko ne da attajirai. Wanda ya je Damagaram ya ga ƙofar fadar sarki a Birni, ginin wajajen 1850, da kufan ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita. Magina na mulmula tubali da hannu, su jera azara, ita kuwa azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya kai mita 2, don haka sunka koyi lanƙwasa bakan gizo ya riƙe rufin zaure babba. A sama zankwaye, a gefe indararo, a jikin bango makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa kada ya ci shi.

Amma dabarar da ta fi burge ni ba ta ado ba ce. Ƙofar shiga zaure da ta fita ba su kallon juna. Baƙo na zaune, an kawo mishi fura, idonshi bai kai tsakar gida ba. Nan ake sasanta rigimar iyakar gona, nan almajirai ke kwana, nan matafiyin da dare ya riska zai shimfiɗa buzu ba wanda ya tambaye shi takarda. A fada kuwa zaure bayan zaure ne, kowa da inda matsayinshi ke tsaida shi.

To bayan gida fa? Barga ga mai doki, turken awaki, sai rumbuna. Rumbun gandu na mai gida ne, shi ke da ikon buɗe shi, galibi sai damina ta faɗi ana noma. Hatsin gamana daban, na mata da samari. An ɗaga rumbu bisa duwatsu ko itace saboda gara da danshi, ana jera damma da zangarniyarsu, sun fi daɗewa haka. Tsofaffi da sunka ji labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, ba su wasa da shi. Bayan yunwar 1931 Nasara ya tilasta rumbun tsimi gari-gari, kowane magidanci ya zuba, kuma ba a buɗewa sai da izini. Mutane sun ƙi jinin tilas ɗin, amma a 2005 da yawa sun tuna shi.

Yau hatsi na cikin buhu a magaza, baƙo na tsaye cikin rana yana buga ƙarfe. Wanda ke da tsohon zaure ko rumbun ƙasa a garinsu, ya ɗauko mana hoto, ya tambayi dattawa wane magini ya yi shi, a zamanin wane sarki. Za mu karanta sunayen a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu.