Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Tarihin Darasin Motsa Jiki da Makomar Yaran Rigasa

Gabatarwa

Cikin darussan da ake jerawa a jadawalin makarantar firamare, babu wanda ake saurin sadaukarwa kamar darasin motsa jiki. In an ga yara sun koma baya a lissafi, lokacinsa ake yanka. In ajujuwa sun yi kaɗan, a filinsa ake aza harsashi. Makasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan darasi tun daga asalinsa, a duba abin da masana suka gano game da yadda ƙwaƙwalwar yaro take koyon sarrafa gaɓoɓinsa, sa'an nan a auna abin da wannan tarihi yake nufi ga unguwa irin Rigasa.

Kafin zuwan boko

Tun kafin a kafa makarantar boko ko ɗaya a ƙasar Hausa, akwai tsarin horar da jikin yaro, ko da yake ba a rubuce yake ba. Jaririn da ke goye a bayan uwa yana koyon tsai da wuyansa duk sa'ad da ta sunkuya ko ta miƙe. In ya yi 'yan watanni sai a tokare shi da tsummoki a koya masa zama, daga nan ya yi rarrafe, ya kama bango, yayyensa su riƙe masa hannu suna yi masa tatata. Da ya tasa kuwa sai dandali ya karɓe shi. Langa tana koya wa yaro tsayuwa da gudu a kan ƙafa guda. Carafke tana haɗa ido da hannu, gama tilas yarinya ta kwashe tsakuwa a ƙasa kafin wadda ta cilla sama ta faɗo. Gaɗa tana daidaita tafi da taku, kokawa kuma tana koyar da ƙarfi da dabarar faɗuwa. Wannan tsari bai ci kuɗi ba, amma ya dogara ga abubuwa biyu, watau fili da lokaci.

Fareti ya shiga aji

Darasin motsa jiki na boko kuwa daga barikin soja ya fito. A ƙasar Suwidin, Per Henrik Ling ya kafa cibiyarsa ta koyar da atisaye a shekarar 1813, inda aka tsara motsin gaɓoɓi daki-daki, ana yinsa bisa umarnin malami. A Ingila, tun cikin shekarun 1870 sajan-sajan na soja ne suke koya wa 'yan makaranta fareti. Da yaƙin Afirka ta Kudu na 1899 zuwa 1902 ya nuna cewa da yawa daga cikin samarin da suka zo shiga soja ba su da ƙoshin lafiya, sai hukuma ta ƙara matsa wa makarantu. Manhajojin da Hukumar Ilmi ta Ingila ta fitar a 1909 da 1919 da 1933 sun gina darasin ne a kan tsarin Suwidin, suna ƙara masa wasanni sannu a hankali.

Wannan gado shi Turawa suka kawo Arewa bayan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909. Sai dai ya zo ne gida biyu. A Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya yi bikin buɗewa a 1922, an ba wasanni irin su kurket da fayis babban matsayi, don Turawa sun ɗauka a filin wasa ake ƙera halin shugabanni. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu a can, ya riƙe wasan fayis har bayan ya zama Firimiya. A makarantun elementare kuwa, inda ƙananan yara suke, rabonsu shi ne jeruwa a layi, da ɗaga hannu da sauke shi tare, da maci a Ranar Daula, 24 ga Mayu. Manhajar 1933 ita aka daɗe ana bi a Nijeriya. Ko bayan da Ingila kanta ta sauya hanya a 1952, ta koma ga barin yaro ya hau, ya yi tsalle, ya gwada jikinsa da kansa, al'adar fareti ba ta bar harabar makarantunmu ba. Abin lura a nan shi ne, manufar faretin ɗa'a ce da bin umarni. Ba don la'akari da yadda jikin ɗan shekara 6 yake girma aka tsara shi ba.

Abin da masana suka gano

Jariri yakan zo duniya da wasu motsi waɗanda ba da nufinsa yake yi ba. In an sa masa yatsa a tafin hannu sai ya damƙe. In ya razana sai ya ware hannuwa, abin da likita Ernst Moro ya bayyana a 1918. Cikin watannin farko waɗannan sukan ja baya, motsi na ganin dama ya maye gurbinsu, sa'ad da wani farin kitse yake lulluɓe jijiyoyi kamar yadda roba take rufe wayar lantarki, saƙo ya riƙa saurin tafiya tsakanin ƙwaƙwalwa da tsoka. Ikon yakan faro daga wuya ya gangaro ƙafa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, tare da cikin kunne da ido, su ne suke tsare yaro daga tangaɗi.

Tambayar da aka daɗe ana jayayya a kanta ita ce: shin horo yana ƙara wani abu, ko kuwa girma ne kaɗai yake aikinsa? A 1929, Arnold Gesell na Jami'ar Yale da abokiyar aikinsa sun horar da ɗaya daga cikin wasu tagwaye hawan matakala har mako 6, suka bar ɗayar. Da aka koya wa ta biyun daga baya, cikin mako 2 ta kamo 'yar'uwarta. Sai aka ce ashe girma ne komai. Amma a 1976 Charles Super ya ba da rahoton cewa jariran Kipsigis na Kenya, waɗanda iyayensu mata suke koya wa zama da tafiya da gangan, sukan riga na Amurka da kamar wata guda, alhali ba sa riga su a abin da ba a koya musu ba. A 2006 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga sakamakon bincike a Gana da Indiya da Norwe da Oman da Amurka, wanda ya nuna lafiyayyen yaro yana iya soma tafiya shi kaɗai tun daga wata 8 har zuwa kusan wata 18. Inda aka tsaya a yau shi ne, girma yana buɗe ƙofa, amma gwanintar jifa, da cafiya, da tsalle a ƙafa guda, ba ta zuwa sai da maimaitawa da gyaran mai koyarwa.

Akwai kuma wani bigire da ya kamata ma'aikatan ilmi su yi hattara da shi. Tun daga shekarun 1960 aka yi ta fito da shirye-shirye a Amurka da Ingila masu alkawarin cewa wasu keɓaɓɓun motsi, kamar mai da yaro ga rarrafe, za su gyara ƙwaƙwalwa su warkar da nauyin karatu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta soki tsarin Doman da Delacato a 1982, ta sake sukarsa a 1999. A 1983 Kavale da Mattson sun tattara bincike 180 a kan irin wannan horo, suka tarar amfaninsa ga karatu bai taka kara ya karya ba. Motsa jiki yana inganta motsi da lafiya, wannan kuwa ya isa dalili. Karatu sai an koyar da shi.

Daga 1976 zuwa Rigasa

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai ga kimanin miliyan 3. A wannan shekara aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wadda hedkwatarta take Rigachikun, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta yanzu, inda Rigasa ma take. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sa motsa jiki da kiwon lafiya cikin darussan firamare, dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta shigo da renon ƙananan yara cikin tsarin. A takarda dai, babu abin da ya rage.

Rigasa kuwa, wadda a da ƙauye ce a yammacin garin Kaduna, ta zama ɗaya daga cikin unguwanni mafi cika a jihar. Rigingimun 2000 da 2002 sun sa jama'a sun sake matsuguni a ɓangarorin kogi biyu, unguwannin arewa suka ƙara cika. Tashar jirgin ƙasa ta Abuja da aka buɗe a 2016 ta ƙara wa ƙasa daraja. A farkon wannan shekarar ne kuma gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare, yara suka yi ta kwarara, har aka sami dubbai a makaranta guda. Gonaki sun zama filoti, lunguna sun zama hanyar babura, makarantu masu zaman kansu da yawa kuma a gidajen kwana aka buɗe su, babu tsakar gidan kirki. Watau dandali ya ƙuntata a daidai lokacin da filin makaranta ya ƙuntata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya sami minti 180 na motsi a yini. Daga shekara 5 kuwa, aƙalla minti 60 na motsi mai sa haki.

Kammalawa

Darasin da tarihi ya bayar a fili yake. A zamanin fareti, kasawar makaranta ba ta yi ɓarna mai yawa ba, don dandali yana cike giɓin. A unguwa irin Rigasa wannan madogara ta yi rauni, saboda haka nauyin ya koma kan makaranta. Abin da ake bukata ba shiri ne mai tsada daga ƙetare ba. Jami'in da ke sa hannu a takardar gini ya tabbata an bar fili. Mai ba makaranta lasisi ya tambayi inda yara za su yi gudu. Sufeto ya duba ko ana yin darasin da ke jadawali. Kwalejojin horon malamai kuma su koya wa ɗalibansu yadda za a yi amfani da langa da carafke da gaɗa cikin tsari, da yadda za a gane yaron da ya kamata likita ya duba shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ajin da aka gina a kan filin wasa kuwa da wuya a sake rushe shi.