Malaman harshe da kwamfuta a Birnin Gwari

Malaman Hausa da Turanci da Larabci a Birnin Gwari, da ke yammacin jihar Kaduna, na cikin waɗanda zamani ya ɗora wa nauyin sanin kwamfuta, alhali kuwa yankin ya daɗe yana fama da matsalar tsaro.

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, kuma Turanci wajibi ne ga kowane ɗalibi. Don haka malamin da bai saba da na'urar ba, da wuya ya shirya ɗalibansa yadda ya kamata.

Su ma malaman ba su tsira ba. A 2017 hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, ta fara yi musu jarrabawar cancanta ta kwamfuta.

A wannan shekarar ce kuma malaman firamare 21,780 suka faɗi wata jarrabawa da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta shirya, aka kuma sallame su daga aiki. Ba abin mamaki ba ne idan malami ya riƙa ɗari-ɗari da duk wani sabon tsari da ke tafe da gwaji.

Sai dai a Birnin Gwari ra'ayin malami ba shi ne babban cikas ba. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun sace malamai uku a makarantar firamare ta Rama. A ƙarshen Satumban shekarar aka katse layukan waya a yankin, ba a maido da su ba sai bayan kimanin watanni biyu.

Malamin Hausa kuma na da tasa matsalar ta daban: allon rubutun kwamfuta na Turanci ba shi da haruffan ɓ da ɗ da ƙ. Rashin lanƙwasa kan mayar da ƙafa ta zama kafa, ɓata ta zama bata, kuma malamin ne zai gyara wannan a littafin ɗalibi.

A nan wayar salula ta fi kwamfutar sauƙi, domin manhajar Gboard na ɗauke da haruffan. Google ya sanya Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, kodayake fassarar na buƙatar idon wanda ya san harshen.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar dabbobi ta garin, bayan sulhu da 'yan bindiga. Amma horar da malamai na buƙatar lantarki da layin waya mai ɗorewa, da kuma mai koyarwar da zai yarda ya bi hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari.