Asalin Dokar Ɗaukar Kaya a Jirgin Ruwa

Idan ɗan kasuwa ya danƙa wa mai jirgin ruwa kaya ya kai masa wata ƙasa, akan ba shi takarda. A cikinta akan rubuta irin kayan, da yawansu, da tashar da za a sauke su. Takardar nan ita ce shaidar amana. To, amma idan kayan suka jiƙe ko suka salwanta a teku, wa zai ɗauki hasara?

A shari'ar Ingila ta da, mai jirgi ke biya, sai fa in abin ya zo daga Allah, ko daga abokan gaba, ko kuwa aibin yana jikin kayan tun asali. Amma cikin ƙarni na 19 masu jirage suka yi ƙarfi ƙwarai. Sai suka shiga cusa sharuɗɗa cikin takardar nan, har suka ce ko ma'aikatansu ne suka yi sakaci, babu ruwansu. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da yadda zai yi, domin duk jirgin da ya nufa, sharuɗɗan ke nan.

'Yan kasuwar Amurka suka kai kuka. A 1893 majalisarsu ta kafa doka wadda ake kira da sunan Harter, wakilin da ya kawo ta. Dokar ta raba gardama: wajibi ne mai jirgi ya yi iyakar ƙoƙari ya kintsa jirginsa, ya kuma kula da kaya. In ya yi haka, ba a kama shi da kuskuren matuƙa.

Sauran ƙasashe suka ga amfanin abin. A 1921 masana shari'a da masu jirage da 'yan kasuwa suka taru a Hague, ƙasar Holan, suka tsara ƙa'idodi. A 1924 aka sa musu hannu a Brussels. Aka yanke cewa diyya ba za ta wuce fam 100 ga kowane ƙunshi ba, sai in an rubuta darajar kayan. Mai ƙara kuma shekara ɗaya gare shi. A 1926 aka kafa ƙa'idodin nan a Nijeriya, watau gyaɗa da fatun da ke fita ta Ikko suka shiga ƙarƙashinsu.

Duk da haka ƙasashe masu kaya amma marasa jirage suka ga ba a yi musu adalci ba. A 1978 aka sake zama a Hamburg, ƙasar Jamus. Aka soke uzurin kuskuren matuƙa, aka mai da wa'adin ƙara shekara biyu. Sabbin ƙa'idodin suka fara aiki a 1992, Nijeriya na cikin waɗanda suka karɓa, amma Ingila da Amurka ba su shiga ba.

Saboda haka har yau ba doka ɗaya ke mulkin teku ba. Ɗan kasuwa mai hankali yakan karanta takardarsa tun jirgi bai tashi ba.